Giyabos Ya Lalace: Gyara ko Sauyi?

'Yan'uwa manoma, idan giyar motar ƙungiya ta ƙi shiga, kada mu yi saurin sauke giyabos. Mu kashe injin tukuna mu gwada. In giya ta shiga a sauƙaƙe, yawanci laifin kuloci ne, kuɗinsa kuwa kaɗan ne.

In ba haka ba, sai bakanike ya tsiyaye man giya a gaban mutum biyu na kwamiti. Ɗan garin ƙarfe mai laushi ba abin tsoro ba ne. Gutsattsarin haƙora shi ne mugun labari. Idan boris ne da zoben tagulla kaɗai suka cinye, mu gyara namu, gama mun san tarihinsa. Amma in gidan giya ya tsage, ko haƙora da yawa sun karye, sauyi ya fi.

Tsohon giyabos na Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ba wanda ya san cikinsa. A buɗe murfi a duba, lamba kuma ta dace da tamu, kafin ma'aji ya biya. Da kaka kuwa, mu lissafta har da kwanakin da masara za ta yi tana jiran mota.