Tambaya da Amsa: Ni Ne Ɗan Fari, Amma Zuciyata Na Seminari

TAMBAYA: Fada, shekarata 24, bara na gama karatun koyarwa. Tun ina yaro ina hidima a bagade nake sha'awar zama Fada. Nakan manta, abin kuma ya dawo. Amma ni ne ɗan fari, Babanmu ya rasu, ƙannena huɗu. Da na faɗa wa Mama sai ta fashe da kuka, ta ce wa zai riƙe gidan, wa zai ba ta jika? Ga kuma wata yarinya da nake so a ƙungiyar mawaƙa. Ban taɓa yin mafarki ko jin wata murya ba. Yaya zan gane kiran Allah ne, ba son zuciyata ba?
Wani matashi daga Kafanchan

AMSA: Ɗana, ka daina jiran murya. Annabi Sama'ila ma da ya ji ta da kunnensa yana yaro, sau uku yana rugawa wurin Eli, yana zaton tsohon ne ke kiransa. Eli ne ya gane mai kiran. Kai ma kana bukatar Eli naka: Fada ɗaya mai hankali da za ka riƙa zama da shi ko sau ɗaya a wata, kana faɗa masa gaskiya, har wadda kake jin kunyarta.

Abin da ya ja hankalina a wasiƙarka shi ne cewar da ka yi abin yakan dawo. Ignatiyus na Loyola soja ne ɗan Sifen, harsashin igwa ya karya masa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya ya lura da wani abu. In ya yi tunanin suna da ɗaukaka, yakan ji daɗi, daga baya zuciyarsa ta bushe. In ya yi tunanin bin sawun tsarkaka, daɗin yakan zauna. Ka gwada wannan ma'auni na wasu watanni. Ka tambayi kanka kuma: me nake so a ciki? Farar rigar ce da gaisuwar da Zumuntar Mata ke yi wa Fada, ko tashi da tsakar dare zuwa wurin mai bakin mutuwa a ƙauyen da mota ba ta shiga? Aikin ma ba na masu neman hutu ba ne yanzu. A Janairun 2020 aka sace ɗalibai huɗu daga seminarin Good Shepherd a Kaduna, aka kashe ɗaya, Michael Nnadi, yana da shekara 18.

Shiga seminari kuwa ba naɗi ba ne. Dokar Ikilisiya ta ce a yi aƙalla shekara shida ana karatun falsafa da tauhidi, a ƙasarmu yakan kai tara in an haɗa da shekarar renon ruhu da ta aiki a ikilisiya. Duk tsawon wannan lokaci kana auna kanka, malamai da Bishop suna auna ka, don kiran ba naka ba ne kai kaɗai, sai Ikilisiya ta tabbatar. Wanda ya fita daga seminarin St. Augustine da ke Jos a shekara ta uku ya je ya yi aure bai yi abin kunya ba, ko da unguwa ta yi tsegumi. Aure ma kira ne, sakaramenti ne.

Game da yarinyar, son da kake mata bai soke kiran ba, ya nuna dai kai lafiyayye ne. Amma kada ka ajiye 'yar mutane kamar tayar safaya. In za ka nemi shiga, ka gaya mata tun yanzu.

Maganar Mama ce mai nauyi, kuma ba zan ce maka jarabar Shaiɗan ce ba, kamar yadda wasu masu zafin kai za su ce. Gwauruwa ce mai 'ya'ya biyar, lissafi take yi. Jika dai ƙannenka za su ba ta in Allah ya so. Kuɗin makarantarsu shi ne tambayar gaske, domin ɗan seminari ba ya kawo komai gida. Ka zauna da baffanninka da kawunanka a ga wa zai ɗauki wa. In babu mai ɗauka, ka yi koyarwa shekara biyu ko uku, wanda ke bin ka ya tsaya da ƙafarsa. Sannu ba ta hana zuwa. Ka kuma san bambanci: Fadan dayosis yana alkawarin zaman rashin aure da biyayya ga Bishop, galibi yana aiki a yankinsa, kusa da gida. Ɗan ƙungiya irin Dominikan yana ƙara wa'adin talauci, ana iya tura shi ko'ina.

Kowace dayosis tana da Fadan da ke kula da masu neman shiga. Ka tambayi Fadan ikilisiyarku ya haɗa ka da shi a wannan watan, kuma ranar da za ka koma karo na biyu, ka roƙi Mama ta raka ka.