Shanya ko Inji? Amsar Wasiƙa daga Zabarmari

Wasiƙarmu ta fito ne daga Zabarmari a ƙaramar hukumar Jere. Wani manomin shinkafa ne ya ce ana ta zuga shi ya ci bashi ya sayi injin busar da hatsi, yana tambaya ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Malam, mun gode, Allah ya yi wa noma albarka. Shawarata dai, kada ka ɗauki wannan bashi kai kaɗai. Nan Maiduguri daga Oktoba ruwa ya ɗauke, hunturu ya biyo baya da busasshiyar iska, gero da dawa kusan a kan karansu suke bushewa. Inji kuwa da mai yake aiki, kuma ka san yadda farashi ya koma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023. Ga kuɗin gyara, ga shi zai yi aikin 'yan makonni ya kwana sauran shekara.

Sai dai ita ma shanya tana da nata kuɗin da ba ma lissafawa: ladan mai motsawa da mai gadi, abin da awaki da tsuntsaye suka ci, da tsakuwar da ke sa a taya buhunka da araha a kasuwar Gamboru. Shinkafa ta fi kowane hatsi ƙin ganganci. In ka bar ta cikin zafin tsakar rana ba motsawa, ƙwayar takan tsage, wajen casa ta karye. Laima kashi 14 cikin 100 ake so kafin ajiya. In ta haura haka, fumfuna na iya kama ta.

Don haka fara da tampol ko daɓen siminti, ka baza ta ba kauri, ka riƙa motsawa, ka rufe da dare saboda raɓa. Don Allah a daina shanya a bakin kwalta.

Inda inji ke da riba shi ne ga ƙungiya, musamman mata masu turara shinkafa har cikin damina. Ku haɗa kuɗi, kowa ya biya ladan buhunsa.