Kafin ka sayi tocila, ka tambayi batirinta



Sana'ata gyaran rediyo ce da caja da fitilun sola. Cikin kayan da ake kawo mini babu abin da ya kai tocila mai caji yawa, kuma kukan kusan iri ɗaya ne: "Malam, ko wata uku ba ta yi ba, yanzu ko kwana ta yi a wuta ba ta minti goma." In na kwance ta, sai in tarar ƙwai lafiya, makunni lafiya, batir ne ya mutu. Mai saye yana duba haske da kyan kwali, alhali ran tocila yana cikin abin da ba a nuna masa a kanti.

A yankinmu na Achilafiya da Karkarna tocila kayan larura ce. Garuruwan da ke da layin KEDCO ma ba kullum suke ganin wuta ba, balle ƙauyukan da ba a taɓa kafa musu turke ba. Kananzir ya yi tsadar da fitilar ƙwai ta koma rataye a bango. Kowa kuma yana tune da watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da Katsina da Jigawa suka shafe fiye da mako guda a duhu. A kwanakin nan tocilar da ba ta caji sai a soket ɗin bango ta zama kwangon roba a gidaje da yawa.

Batir iri uku ne a tocilolin da ke kasuwarmu.

Na farko shi ne babban batir da ake yarwa in ya ƙare, irin su Tiger Head. Amfaninsa ba ya jiran wuta, kuma duk mai tireda yana sayar da shi. Illarsa in ya daɗe a ciki yana tsiyayar da ruwa mai cinye sifirin da ƙarfen tocila. Idan ajiya za ka yi, cire shi ka sa a leda kusa da ita, kuma kada ka haɗa tsoho da sabo.

Na biyu batirin dalma ne mai bolt 4, ɗan baƙin akwati mai kusurwa huɗu da ke cikin manyan tocilolin roba masu haƙora biyu da ake cusawa a soket. Shi ne ya fi kawo mini aiki. Abu biyu ke kashe shi. Idan ya ƙare tas aka bar shi kwanaki babu caji, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa, daga nan ba zai sake riƙe wuta kamar da ba. Sannan masu arahar cikinsu ba su da na'urar da ke yanke caji idan ya cika, don haka barin ta a soket dare da rana dafa batirin yake yi. Wanda yake da irinta ya riƙa yi mata caji tun haske bai yi ja ba, ya kiyaye awoyin da aka rubuta a kwali, kuma kada ya kunna ta tana jikin wuta, don ƙwayayen na iya ƙonewa nan take.

Na uku shi ne batirin litiyam da ake kira 18650, mai kaurin milimita 18 da tsawon milimita 65, bolt 3.7. Shi nake ba mutane shawara su nema, saboda da wayar caji irin ta salula ake cika shi. Ƙaramin farantin sola zai yi, shagon cajin waya zai yi. Ka zaɓi tocilar da ake buɗe gindinta a zaro batirin, yadda in ya gaji za ka canza shi kaɗai, tocilarka na nan.

Sai dai a nan jabu ya fi yawa. Manyan kamfanonin da ke ƙera wannan batir, irin su Samsung da LG da Panasonic, ƙarfin nasu bai cika wuce 3,500 mAh ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 8,800 ko 9,900, ƙarya ce tsagwaronta. Ɗora shi a tafin hannu: na gaske yana kai wajen giram 45, na jabu kuwa sakayau za ka ji shi. Kuma litiyam ba ya shiri da zafi. A watannin bazara da zafi ke haura digiri 40, kada a bar shi a rana ko a kan kwano ko kusa da murhu. In ya kumbura, a daina amfani da shi nan take.

Batun haske kuma, kada lambobin kwali su ruɗe ka. Tocilar da ba ta fi tafin hannu ba a rubuta mata wat 500, ai ko batirin babur ba zai daɗe yana ciyar da wannan ba. Tsakar gida da hanyar masallaci da zagayawa bayan gida ba sa buƙatar hasken da zai kai bakin gari. Abin nema shi ne tocila mai mataki biyu ko uku, domin ƙaramin matakin shi ke kai ka asuba. Ga mai tafiya a ƙasa, haske mai faɗi ya fi mai tsini, saboda kunama da kububuwa a gefen sawu suke, musamman da damina da lokacin girbi da ɓeraye ke jawo macizai gindin dammunan hatsi. Mai tsini na makiyayi ne da mai gadi. Ungozoma da mai shayi da mai ban ruwa da dare da uwargida mai girkin sahur, ta ɗaurawa a goshi ta fi musu, don da hannu biyu suke aiki.

Kafin ka biya, gwada ta a gaban mai kaya. Danna makunni sau da yawa, ka ji ko yana sarƙewa. Girgiza ta tana kunne; in haske ya yi rawa, haɗin cikinta sako-sako ne. Bar ta minti biyu ko uku a babban mataki ka ga ko hasken zai faɗi da wuri. Buɗe gindin ka duba zoben roba, shi ke tare ruwan sama da ƙurar hunturu. Ɗan kasuwar da ya yarda da kayansa ba zai hana ka ba. An ce araha ba ta ado, amma a tocila mai araha tana iya yin shekaru in ka san abin dubawa.

Wasu kan ce ai wayarsu tana da fitila. Ranar da naƙuda ta tashi da tsakar dare, ko ruwa ya fara cin katanga, cajin wayar nan na kiran mai mota ne da 'yan uwa. Kada a ƙarar da shi a haska ɗaki.

Iyaye mata, a kula da mataccen batir. Kada a jefa shi a wuta, kada a bar yara su fasa shi su yi wasa. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu, duk da cewa can daga dutsen zinare ta fito. A tattara shi a kai wa masu gyara ko masu sayen tsofaffin batura.

Shawarata ga kowane magidanci ita ce tocila biyu. Ɗaya mai litiyam ta amfanin kullum, ɗaya mai babban batir ta ajiya, da sababbin batura a gefenta. A kafa musu ƙusa ɗaya a bakin ƙofa inda hannun yara ba ya kaiwa, kowane babba a gidan ya san wurin ko a duhu, kuma duk ranar Juma'a a kunna a tabbatar suna aiki. Wanda ya karanta ya isar wa wanda bai karanta ba. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, amin.