Horar da ma'aikata kan kwamfuta: inda kuɗin kamfanoni ke salwanta

A farkon shekarar 2024, wani ma'aikacin sashen kuɗi na kamfanin injiniyoyi na Arup, reshen Hong Kong, ya shiga wani taro ta bidiyo. Ya ga fuskar babban jami'in kuɗi na kamfanin, ya ji muryarsa, ya kuma ga abokan aikin da ya sani. Aka umarce shi ya tura kuɗi, shi kuwa ya tura har sau 15, jimilla kimanin dalar Amurka miliyan 25. Sai daga baya ta bayyana cewa duk waɗanda ya gani a taron na bogi ne, 'yan damfara ne suka haɗa fuskokin da muryoyin da ƙirƙirarriyar basira. Babu wanda ya yi wa kwamfutocin kamfanin kutse. Mutum aka yaudara.

Kusan haka ta faru da kamfanin otal-otal na MGM a Amurka cikin Satumbar 2023, inda rahotanni suka nuna cewa masu kutse sun buga waya ne ga sashen da ke taimaka wa ma'aikata idan sun manta kalmar sirri, suka yi shigar ma'aikaci. Kamfanin da kansa ya ƙiyasta asararsa a kan kusan dala miliyan 100.

Waɗannan kamfanoni ba kuɗin horo suka rasa ba. Ke nan tambayar da ta kamata kowane manaja ya yi wa kansa, ko a banki yake a Legas ko a masana'anta a Sharaɗa da Bompai, ita ce: wane irin horo ake ba ma'aikata, kuma me ya canza a aikinsu bayan an gama?

A Najeriya an san yadda abin yakan kasance. Shekara na gab da ƙarewa, ga sauran kuɗi a kasafin horo, sai a kama ɗakin taro a otal na kwana biyu ko uku. A ɗauko mai gabatarwa, ya haska rubutu a allo tun safe har la'asar, a sha shayi, a raba takardar shaida da alawus, a ɗauki hoto. Sau tari ma waɗanda ake turawa ba su ne ke zama gaban kwamfutar ba. Manya ne ke tafiya saboda alawus, a bar kashiya da akanta da mai kula da sito, waɗanda hannunsu ke kan manhajar kullum. Ranar Litinin kowa ya koma yadda ya saba, kalmar sirri tana nan a rubuce a ƙarƙashin tebur.

Laifin ba na ma'aikatan ba ne kaɗai. Tun a 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da mutum ya koya sau ɗaya bai maimaita ba, kaso mai yawa nasa kan gushe cikin 'yan kwanaki. Ɗora darasin a intanet ma bai magance matsalar ba. Wani bincike da aka wallafa a 2025, wanda ya bi ma'aikata sama da 19,000 na cibiyar lafiya ta Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego tsawon watanni takwas, ya gano cewa waɗanda ba su daɗe da yin kwas ɗin tsaro na shekara-shekara ba suna faɗawa tarkon saƙon imel na yaudara kusan daidai da waɗanda suka daɗe ba su yi ba. Yawancinsu ba sa ko kai minti ɗaya a kan darasin da ake nuna musu bayan sun faɗa tarkon.

Gyara na farko shi ne a sauko da horo daga otal a kawo shi bakin aiki. Minti ashirin a kowane mako, a kan manhajar da ma'aikaci ke amfani da ita, da bayanan gwaji masu kama da na gaske, sun fi kwana uku na lacca amfani. Akanta ya gwada rufe lissafin wata a sabuwar manhaja kafin ranar ta zo. Mai karɓar baƙi ya gwada yadda zai amsa wa wanda ya bugo waya yana cewa shi darakta ne, a ba shi lambar wani. Sannan a kafa ƙa'idar da ba ta dogara ga wayon kowa ba: duk umarnin tura kuɗi da ya zo ta imel, ta WhatsApp ko ta bidiyo, sai an sake kiran mai umarnin a lambarsa da aka sani, kuma sai mutum biyu sun sa hannu. Wajibi ne shugaban kamfani ya faɗa da bakinsa cewa ba zai ji haushi ba idan ƙaramin ma'aikaci ya tsayar da umarninsa don ya tabbatar. A wuraren da yaro ke jin nauyin tambayar maigidansa, wannan kalma ɗaya ta fi manhajar tsaro mai tsada kariya.

Akwai kuma batun harshe, wanda ake yawan tsallakewa. Direba, mai gadi, wakilin POS da ke karɓar kuɗi a madadin kamfani, da yawansu Hausa ce harshen da suke tunani da shi. Idan aka karanta musu darasi da Turancin da aka rubuta domin ma'aikatan Landan, za su gyaɗa kai ne kawai. A samu wani a cikin gida ya yi bayanin da Hausa, da misalin saƙonnin damfarar da suke gani a wayoyinsu, ya tura a matsayin gajeren saƙon murya.

Sabon ƙalubalen da ya shigo da ƙarfi shi ne ƙirƙirarriyar basira. Ma'aikata sun riga sun fara amfani da ChatGPT da makamantansa, ko manaja ya sani ko bai sani ba. A 2023 kamfanin Samsung ya taƙaita amfani da irin waɗannan manhajoji bayan injiniyoyinsa sun ɗora bayanan sirrin aiki a kansu. Tarayyar Turai kuwa, tun daga Fabrairun 2025, dokarta ta ɗora wa kamfanonin da ke amfani da wannan fasaha nauyin wayar da kan ma'aikatansu a kanta. Hani kaɗai ba ya aiki, domin ma'aikaci zai koma wayarsa ne ya yi a ɓoye. Abin da ya fi shi ne takarda mai shafi ɗaya da ke fayyace me za a iya ɗorawa, me kuma ba za a taɓa ɗorawa ba, kamar sunayen abokan ciniki, lambobin asusu da takardun albashi. A kuma koya wa ma'aikata duba amsar da manhajar ta bayar, domin takan ƙirƙiro adadi ko suna ta faɗa kamar gaskiya.

Kare bayanan abokan ciniki ba zaɓi ba ne a Najeriya. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi cewa idan bayanan mutane suka fita ta yadda za su iya cutuwa, a sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin sa'o'i 72 da gano hakan. A watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da cin tarar wani bankin kasuwanci sama da naira miliyan 555. Kamfanin da ma'aikatansa ba su san wa za su gaya wa ba idan abu ya faru, ko suna tsoron faɗa don kada a kore su, kwana ukun nan za su wuce shi bai kai rahoto ba.

Sai maganar kuɗi. Jarrabawar shaidar ƙwarewa ta CCNA ta kamfanin Cisco dala 300 ce. Kafin Yunin 2023, a farashin hukuma, ba ta kai naira 140,000 ba. A 2024 ta haura naira 450,000. Ga kuma tsoron da ke ran kowane mai kamfani: ya kashe kuɗi a kan ma'aikaci, da zarar ya ƙware ya kama hanyar Ingila ko Kanada, kamar yadda bankuna suka yi ta kuka a 2022. Tsoron gaskiya ne, amma barin ma'aikata babu ilimi ya fi tsada. A horar da mutum biyu ko uku a kan kowane muhimmin aiki, a sa wanda ya je kwas ya dawo ya koyar da 'yan'uwansa ya kuma rubuta yadda ake aikin, a yi yarjejeniyar zama ta adalci idan kuɗin kwas ɗin ya yi nauyi. Darussan share fage da yawa kyauta suke a Microsoft Learn da Cisco Networking Academy, don haka kuɗin jarrabawa kaɗai za a biya wa wanda ya nuna himma.

Akwai kuɗin da wasu kamfanoni ke bari a baya saboda sakaci. Asusun horar da ma'aikata na ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, yana karɓar kashi ɗaya cikin ɗari na albashin shekara daga kamfanonin da doka ta shafa, kuma yana iya mayar da har rabin wannan kuɗi ga wanda ya gudanar da horo bisa ƙa'idojinsa. Sharaɗin shi ne a nemi amincewarsa kafin a fara, a kuma adana takardu.

Shugaban da ke shirin sa hannu a kasafin horo na baɗi ya daina tambayar mutum nawa suka halarta. Ya nemi a kawo masa adadin kurakuran da ake yi a manhaja kafin horo da kuma wata uku bayansa, da yawan ma'aikatan da suka kawo rahoton saƙon yaudara da kansu. Duk kwas ɗin da bai motsa waɗannan alƙaluma ba, kada ya sake biyan kuɗinsa.