Zafin Saduwa Ga Mata Masu Ƙwayar HIV Bayan Ɗaukewar Haila: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ana roƙon hakimai da malamansu su karanta wannan takarda da natsuwa, sa'an nan su bayyana wa dagatai da masu unguwa abin da ke cikinta. Magana ce mai nauyi, wadda bisa al'adarmu ba a faɗinta a zaure. Amma da yake rikicin aure yakan fara zuwa gaban mai unguwa ko hakimi tun bai kai ga alƙali ba, ya wajaba masu sauraronsa su san abin da yakan ɓuya a ƙarƙashinsa. Sau da yawa magidanci yakan kawo ƙara, ya ce uwar 'ya'yansa ta ƙaurace wa shimfiɗarsa ba gaira ba dalili. In an tambaye ta sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, a ɗauka taurin kai ne ko kishi. A wurin mata da yawa kuwa ciwo ne na jiki, wanda likitoci suka san sanadinsa, suka kuma san maganinsa.

1. Abin da ya sa maganar ta taso

An ba da rahoton masu cutar ƙanjamau na farko a Nijeriya a shekarar 1986. A zamanin nan wanda ya kamu ba safai yakan daɗe ba. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ba da maganin da ke danne ƙwayar cutar, watau HIV, a 2002, a 2006 kuma aka mai da shi kyauta. Ƙidayar da aka yi a ƙasa duka a 2018 ta nuna wajen mutum miliyan 1 da dubu 900 ke ɗauke da ƙwayar, mata kuwa sun fi maza yawa. Saboda albarkar magani, matan da suka kamu suna da ƙuruciya yanzu sun kai shekara 50, sun aurar da 'ya'ya, sun ga jikoki. To, ga su sun iso lokacin da haila ke ɗaukewa, da wahalolin da ke tare da shi.

2. Yadda ciwon ke samuwa

Galibi haila takan ɗauke wa mace tsakanin shekara 45 da 55. Likitoci sukan tabbatar ta ɗauke in mace ta cika wata 12 ba ta ga jini ba. A cikin jikin mace akwai wani sinadari, ana ce da shi istirojin, shi ne ke sa fatar cikin gabanta ta yi kauri da laushi da danshi. Sa'ad da haila ta ɗauke sinadarin nan yakan ragu ƙwarai, sai fatar ta yi siriri, ta bushe, ta rage miƙewa. Daga nan saduwa takan zo da zafi da raɗaɗi, wani lokaci har fatar ta tsage ta yi ɗan jini. Waɗansu kuma sukan ji zafin fitsari, ko yawan fita fitsari. Zafin jiki da gumin dare da mata kan yi a wannan lokaci sukan ragu bayan 'yan shekaru, amma bushewar nan ba ta cika tafiya da kanta ba, ƙaruwa take yi in ba a yi magani ba.

3. Inda ƙwayar HIV ke ƙara nauyin abin

Wannan hali yana samun mata ko da ƙwayar ko babu. Amma mai ƙwayar tana da ƙarin wahala ta hanya huɗu.

Ta farko, in garkuwar jikinta ta yi rauni, ƙaiƙayin gaba da ƙuraje da ciwon sanyi sukan riƙa komo mata, su ƙara raɗaɗi a kan bushewa.

Ta biyu, tsoro. Matar da ke fargabar sa wa mijinta cuta, ko wadda ta taɓa jin zafi tana jiran ya sake zuwa, jikinta yakan ɗaure, zafin ya ƙaru.

Ta uku, fatar da ta tsage ƙofa ce. In ba a danne ƙwayar da magani ba, tana iya bi ta nan ta kama miji, haka kuma waɗansu cututtuka suna iya shiga jikin matar.

Ta huɗu ita ce mafi haɗari. Mace takan ga gumin dare da kasala da wannan zafi, ta zaci cutar ce ta tashi, ko kuwa maganin ne bai karɓe ta ba, sai ta daina sha. Lalle a gargaɗe ta, kada ta bar magani ko na kwana ɗaya sai da izinin likita, gama barinsa shi ke ba ƙwayar dama ta yawaita, har ta ƙi jin magani.

4. Magani

Matakin farko shi ne ta faɗa wa likita ko malamar asibitin da take karɓar magani, a duba ta. In an sami ciwon sanyi ko ƙuraje ko ciwon sukari, sai a fara da su.

Akwai man santsi da ake yi da ruwa, ana sayarwa a kantin magani, ana shafawa lokacin saduwa. Ga mata da yawa wannan kaɗai ya isa. Masu amfani da kwaroron roba kada su sa man gyaɗa, ko man shanu, ko manja, ko basilin, domin maiƙo yana raunana roba ta fashe.

In wannan bai wadatar ba, likita yana iya ba da maganin istirojin na shafawa ko na sawa a gaba. Galibi akan sa kullum har mako 2, sa'an nan a koma sau 2 a mako, sauƙi kuwa yakan zo a hankali cikin 'yan makonni. Kaɗan ne ƙwarai daga cikinsa ke shiga jini. Duk da haka ta gaya wa likita dukan magungunan da take sha, in kuma ta taɓa yin ciwon dajin nono ta faɗa tun da fari.

Game da tsoro, akwai labari mai daɗi. Binciken da aka buga a 2011 da 2016 a kan ma'aurata ya nuna amfanin magani wajen tsare abokin zama, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa wanda ke shan magani a kai a kai, har awon jini ya kasa ganin ƙwayar, ba ya sa wa abokin aurensa ita ta hanyar saduwa. Saboda haka a yi awon yawan ƙwaya a kan lokaci, miji kuma ya je a auna shi.

Sauran maganin yana hannun miji, watau haƙuri, da lallashi, da barin gaggawa. In ta ce da zafi, ya dakata.

5. Abubuwan da za a guje musu

Kayan matsi da ake cusawa, irin su alif da garin itatuwa, da wanke ciki da sabulu mai ƙarfi, duk ƙara bushewa suke yi, su ƙona fata.

Mafi muni shi ne yankan gishiri, wanda wanzamai da waɗansu ungozomomi kan yi wa mace in ta yi kukan zafin saduwa. Ba ya warkar da kome. Yana jawo zubar jini da yoyon fitsari da tabon da ke ƙara zafi, askar kuma tana iya ɗaukar ƙwayar daga wannan ta kai wa waccan. Dokar Tarayya ta hana cin zarafin mutane, ta 2015, ta haramta yi wa mata kaciya da al'adu masu cutarwa. Sarkin aska na kowane gari ya kamata a kira shi a bayyana masa.

6. Alamar da ba a jinkiri da ita

Matar da haila ta ɗauke mata, in ta ga jini, ko bayan saduwa ko haka kawai, ko ruwa mai wari, a kai ta asibiti cikin makon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mace mai ƙwayar HIV ta fi wadda ba ta da ita haɗarin kamuwa da ciwon dajin bakin mahaifa har ninki 6. Don haka ta ba da shawara a 2021 a fara duba irin waɗannan mata tun suna shekara 25, a riƙa maimaitawa. In an gano shi da wuri yana warkewa.

7. Abin da ake bukata daga hakimai da malamai

(a) In ƙarar ƙauracewar shimfiɗa ta zo, matar kuwa ta manyanta, kada a yi saurin ɗora mata laifi. A sa dattijuwa mai riƙe asiri, ko malamar asibiti, ta gana da ita a keɓe. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

(b) Kada a tilasta mata komawa shimfiɗa tun ba a duba ta ba. A ba ma'auratan lokaci su je asibiti, sa'an nan a sake zama.

(c) A ja hankalin miji a keɓe, a nuna masa kuɗin mota da na magani suna cikin haƙƙin da ke kansa.

(d) Malami kada ya rubuta a littafin ƙara cewa wance tana da ƙwayar HIV, kada kuma ya faɗa wa kowa. Dokar hana tsangwamar masu cutar, ta 2014, ta tsare musu asirinsu. Ya isa a rubuta cewa an tura su asibiti.

(e) Kowane malami ya san asibitin da ke ba da maganin HIV mafi kusa da gundumarsa, da ranakun da ake ganin mata, don ya iya nuna wa mutane hanya.

Auren shekara 30 yana iya mutuwa a kan abin da ɗan magani da haƙuri za su gyara. Hakimin da ya gane wannan ya tsare gida guda daga watsewa, ya kuma tsare mace daga barin maganin da ke riƙe da lafiyarta.

Tambayoyi don tunawa

1. Wata nawa mace za ta yi ba jini kafin a ce haila ta ɗauke?
2. Me ya sa ba a haɗa maiƙo da kwaroron roba?
3. Wace alama ce ke sa a kai mace asibiti ba jinkiri?
4. Me malami zai rubuta a littafin ƙara, me kuma zai bari?