Kafin Ki Buɗe Makarantar Yara Masu Jinkirin Fahimta

Darasinmu na wannan fitowa naki ne, ke da kike da niyyar buɗe aji ko makaranta domin yaran da karatu yake yi wa wuya. Kowace malamar Islamiyya ta san su. Su ne masu zama can bayan aji, shekara uku suna kan baƙaƙe, har a gaji a laƙaba musu "daƙiƙi", iyaye su cire su a ɗora musu talla.

Kalmar nan "daƙiƙi" ta haɗa yara iri-iri waɗanda matsalarsu ba ɗaya ba ce, kuma aikinki na farko shi ne rarrabe su. Wani ƙwaƙwalwarsa ƙalau, kunnensa ne yake ruwa tun yana goye, rabin maganar malama ba ya jin ta. Wani allon ne ba ya gani. Saboda haka kada ki sa sunan yaro a rajista sai an kai shi asibiti an duba ido da kunne.

Akwai kuma mai disleksiya. Wannan yaro ne mai wayo, ki biya masa sura da ka ya riƙe ta tsaf, amma in an buɗe masa shafi sai ya kasa haɗa harafi da sautinsa. Ba'un da ta'un da sa'un, da yake ɗigo ne kawai ya raba su, sukan wahalar da shi, haka b da d a boko, balle an zo kan ɓ da ɗ. Ba lalaci ba ne, kuma bulala ba ta taɓa gyara shi ba. Abin da yake so shi ne a koya masa sauti ɗaya-ɗaya, ya faɗa da baki, ya zana da yatsa a tiren yashi, ya mulmula shi da laka, a yi ta maimaitawa.

Sai waɗanda jinkirin ya shafi komai nasu, magana da lissafi da kula da kai. Wasu da shi aka haife su, kamar masu lalurar Down, wadda likitan Ingila John Langdon Down ya yi bayaninta a 1866. Wasu kuwa doguwar naƙuda ce ta jawo, ko shawara mai tsanani a kwanakin jego, ko sanƙarau, ko zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Gubar dalma da aka gano a ƙauyukan Zamfara a 2010 ta kashe ɗaruruwan yara, kuma irin wannan guba tana taɓa ƙwaƙwalwar wanda ya rayu. Ki zauna da uwar ki ji tarihin ɗanta tun daga ciki. Da yawa za su ce miki kishiya ce ko iska. Ki saurara da haƙuri, sannan ki nuna mata addu'a ba ta hana zuwa wajen likita.

A ganina aji kada ya wuce yara takwas zuwa goma, da malama da mataimakiya. Darasi ya zama gajere, kamar minti goma sha biyar, a huta a dawo. Kowane yaro ki buɗe masa littafinsa: me yake iyawa yau, me ake so ya iya a ƙarshen zango. Na wani ya karanta layi biyu, na wata kuwa ta iya tsarki da alwala da kanta, ta san sunan babanta da unguwarsu, ta bambance naira hamsin da ɗari biyar. Kada ki raina wannan, wallahi ga uwarta ya fi satifiket.

Ki sa ido ƙwarai kan tsaron yaran, musamman mata. Yarinyar da ba ta iya faɗin abin da aka yi mata, ita mugu yake hari. Mace ce kaɗai za ta raka ta banɗaki, kuma ba a miƙa ta ga kowa a ƙofa sai wanda iyaye suka rubuta sunansa.

Tausayi kaɗai ba ya wadatar da malama, sai da horo. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo tun 1977 take horar da irin waɗannan malamai, kuma Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos suna da sashen ilimi na musamman. Ki nemi ko da mutum ɗaya daga cikin ɗalibansu, ki kuma yi rajista da ma'aikatar ilimi ta jiharku. Ƙaramin aji yana cin kuɗi, kuɗin makaranta ba zai riƙe shi ba, don haka reshenku ya tanadi gudummawar wata-wata tun kafin a buɗe.

Kada kuma ki riƙe yaron da ya kamata ya tafi. Taron Salamanka na ƙasar Sifen a 1994 ya ƙarfafa cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu tare da sauran yara gwargwadon hali. Duk ƙarshen zango ki buɗe littattafan nan ki duba wa ya isa komawa aji na kowa, ki raka shi da kanki, ki yi wa sabuwar malamarsa bayanin yadda yake ɗaukar karatu.