Jitar Katakon Mapul: Yadda Ake Auna Amonta da Daɗin Riƙonta Kafin a Saya a Legas

Mai neman sayen jita daga unguwannin Hausawan Legas, ko daga Agege ya taso ko daga Mile 2, yakan bi babbar hanyar Badagry zuwa kasuwar Alaba da ke Ojo, inda shagunan kayan kiɗa suke jere, kuma a can yakan tarar da jitoci iri-iri a rataye, sababbi da na hannu, wasu masu duhun jiki, wasu kuma farare masu ɗaukar ido. Fararen nan galibi da katakon mapul ake yin bayansu da gefensu, kuma dillali yakan ɗora musu kuɗi da hujjar cewa amonsu ya fi fita tas. Matsalar ita ce mai saye ba ya da hanyar sanin ko katakon ne ya kawo bambancin da yake ji ko wani abu dabam, ba ya kuma sanin yadda wannan katako zai jure laimar Legas da bushewar hunturun Arewa. Bayanin da ke tafe ya shafi jitar akwati ne kawai, wato wadda amonta ke fitowa daga ramin cikinta ba tare da an jona ta da lantarki ba.

Aikin kowane sashe

Jikin jita ya kasu gida uku, wato fuska, wadda ita ce siririn falankin gaba mai rami a tsakiya, da baya, da kuma gefen da ya haɗa su. Tsirkiyoyi shida suna tasowa daga kan wuya su sauka a kan jaki, wato ɗan guntun itacen da aka manna wa fuska, kuma idan aka taɓa tsirkiya, jakin ne ke miƙa girgizarta ga fuska, fuskar kuma ta motsa iskar da ke ciki da waje har kunne ya ji sauti. Wanda ya san gurmi zai gane tsarin nan da nan, domin fatar da aka rufe ƙwarya da ita ce ke yin magana, ƙwaryar kuwa aikinta ta riƙe fatar ta kuma tattara amon, shi ya sa kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ɗan gwangwani ne aka lulluɓe da fata, ya iya cika dandali. A jita, fuska ce ke matsayin fata, kuma yawanci da sifurus ake yin ta, wani itace mara nauyi mai ƙarfi na ƙasashen sanyi. Saboda haka idan aka ce jita ta mapul ce, galibi baya da gefe ake nufi.

Maƙeran jita sun daɗe da sanin haka. A 1862 Antonio de Torres, mutumin Sifen da ya daidaita surar jitar zamani, ya ƙera wata jita da ya yi wa baya da gefe da takardar kwali, ya kuma ɗora mata fuskar itace mai kyau, domin ya nuna cewa fuska ce ke ɗauke da mafi yawan aikin. Jitar tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na birnin Basalona.

Halin mapul idan aka gwada shi da sauran katakai

Mapul itace ne na Arewacin Amurka da Turai da Asiya, kuma ganyensa ne ke jikin tutar Kanada. Nau'insa mai tauri yakan kai nauyin kimanin kilo 700 a kowane curi mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, nau'in da ke fitowa a gaɓar yammacin Amurka kuwa bai wuce kimanin kilo 550 ba, don haka ko tsakanin jitocin mapul biyu akan sami bambancin nauyi da na amo. Tun zamanin Stradivari, shahararren maƙerin birnin Kiremona na Italiya, da mapul ake yin bayan gogen Turawa. A fagen jita, kamfanin Gibson ya fitar da babbar jitarsa J-200 a 1937 da bayan rozwud, sannan ya koma mapul daga 1947, kamfanin Taylor kuma ya sake fasalin jerin jitocinsa na 600 a 2015 domin ya ƙara wa mapul kaurin murya.

Abin da ya bambanta katakai a nan shi ne saurin haɗiye girgiza, wato yadda itace ke shanye motsin da ya shige shi maimakon ya ci gaba da kaɗawa. Kowace tsirkiya idan aka taɓa ta tana fitar da uwar murya, tare da wasu siraran muryoyi da ke hawa a kanta, waɗanda su ne ke ba sauti ado. Mapul yana haɗiye girgiza da sauri, saboda haka uwar muryar takan fito a sarari, siraran muryoyin su ragu, sautin kuma ya yanke da wuri ya ba na bayansa hanya. Rozwud, itace mai nauyi da duhu da ake samowa daga Indiya da Barazil, akasin haka yake, domin amonsa yakan ja, ya yi zurfi a ƙasa da ƙyalli a sama. Mahogani yana tsakani, da murya mai kauri a tsakiya, kuma danginsa biyu na gida ne, wato maɗaci da ire-irensa na kurmi, da sapele, wanda ya samo sunansa daga garin Sapele na Jihar Delta, kuma manyan kamfanonin duniya suna ƙera jita da shi.

Daga nan ake gane wurin da kowanne ya fi dacewa. Makaɗin da ke kiɗa cikin ƙungiya, a gefen kalangu da ganga da murya, ko mai bin salon jitar Agadas irin na su Bombino, inda yatsu ke gudu ana maimaita gajerun jimlolin kiɗa, zai amfana da mapul, domin kowane taɓi yana fita daban ba ya cakuɗa da ɗan'uwansa. Haka kuma idan aka sa wa jita na'urar ɗaukar sauti aka jona ta da lasifika a wurin biki, mai bayan mapul ba ta cika saurin yin ƙugin nan mai huda kunne ba. Wanda kuwa yake kiɗa shi kaɗai a ɗaki, yana rera waƙa a hankali, yana son amo ya cike gurbin da ke tsakanin kalmomi, mai yiwuwa mahogani ko rozwud su fi gamsar da shi.

Iyakar wannan bambanci

Duk da haka, bai kamata a ɗauki bambancin da girma fiye da yadda yake ba. A 2018 masu bincike na Jami'ar Lankasta ta Ingila sun wallafa sakamakon wani gwaji da aka yi da jitoci shida da kamfanin Fylde ya ƙera a kan fasali ɗaya, sai dai kowace da katakon bayanta da gefenta, wato rozwud na Barazil, da na Indiya, da mahogani, da mapul, da sapele, da walnot. Makaɗa 52 ne suka gwada su a ɗaki mai ƙarancin haske, sanye da baƙin tabarau irin na masu walda don kada ido ya taya kunne hukunci, kuma makin da suka ba jitocin ya zo kusan daidai, sannan a gwajin tantancewa da ya biyo baya ya yi musu wuya su rarrabe wata daga wata. Darasin da ke ciki ga mai saye shi ne cewa girman jiki, da ingancin fuska, da tsarin haƙarƙarin itacen da aka manna mata ta ciki, da sabuntar tsirkiya, duk sun fi katakon baya tasiri. Kaurin muryar da ake yaba wa J-200, misali, ya samo asali ne daga faɗin ƙasan jikinta da ya kai inci 17, kuma ƙaramar jitar mapul ba za ta yi irinsa ba. Ƙari a kan haka, duk lokacin da makaɗi ya rungume jita ya danna bayanta a cikinsa, ya riga ya kashe wani kaso na girgizar bayan, ko da wane irin itace aka yi shi.

Daɗin riƙo

Abin da hannu ke ji ba shi da alaƙa mai ƙarfi da katakon jiki, in ban da nauyi. Abubuwa uku ne ke sa jita ta yi laushi ko tauri a hannu. Na farko shi ne tazarar tsirkiya daga wuya, wadda ake aunawa a kan mataki na 12 daga cikin siraran ƙarafan da aka gitta a wuyan, kuma abin da ya dace shi ne kimanin milimita 2.5 a tsirkiya mafi kauri da kimanin milimita 2 a mafi siranta, domin idan ta haura haka da yawa yatsu za su yi tsami cikin mintuna kaɗan. Na biyu shi ne tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki, wanda yakan kasance kimanin santimita 63 ko 65, kuma doguwar ta fi ɗaurewa, ta fi ƙarfin amo, amma ta fi wuyar dannawa. Na uku shi ne kaurin wuya da irin fentinsa, kuma wannan yana da muhimmanci a Legas, inda fenti mai sheƙi kan riƙe tafin hannu idan gumi ya tsattsafo, alhali wuya mara sheƙi yana barin hannu ya zame. Babbar jita tana ɗaga kafaɗar mai ƙaramin jiki har ta gajiyar da shi, don haka girman da ya dace da jikin makaɗi ya fi girman da ya burge ido.

Laimar Legas da hunturun Arewa

Sauyin laimar iska shi ne babbar barazana ga jita, kuma dillalai ba su cika ambatonsa ba. Kamfanonin jita suna ba da shawarar a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin 100, alhali a Legas, musamman yankin Mile 2 da ke kusa da ruwan Apapa da iskar teku, laima takan haura kashi 80 da damina, a Kano kuwa takan sauka ƙasa da kashi 20 a tsakiyar hunturu. Itace yana shan laima ya kumbura, ya kuma fitar da ita ya tsuke, kuma mapul mai tauri yana wannan motsi kusan ninki biyu na mahogani, musamman wanda aka yanka a kwance domin zanen jikinsa ya fito. Da yake tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan jaki da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70, jitar da ta sha laima fuskarta takan tasa kamar ciki, tsirkiya ta yi nisa da wuya, amo ya dushe, gam ya saki, tsatsa ta kama tsirkiya. Idan aka ɗauke ta haka nan aka tafi da ita Kano ko Sakkwato a watan Janairu, fuskar takan lotsa, ƙarafan wuya su turo baki suna yankar yatsa, wani lokaci kuma itacen ya tsage.

A nan ne jitar filawud, wato wadda aka yi bayanta da gefenta da siraran falankai da aka manna a gicciye, take da fifikon da ba a ba ta. Yawancin fararen jitoci masu sauƙin kuɗi irinta ce, mapul ɗin fatar waje ce kawai, kuma wannan ba aibu ba ne muddin ba a sayar da ita a farashin tsantsar katako ba, domin ta fi jure tafiya tsakanin Kudu da Arewa. Hasali ma a baya kamfanin Guild ya yi shekaru yana yi wa babbar jitarsa F-50 tanƙwararren bayan mapul na manne da gangan.

Abin da ya kamata mai saye ya yi

Da farko ya leƙa bakin ramin fuska, idan zanen itacen ya zarce daga sama har cikin kaurin bakin to fuskar tsantsa ce, idan kuwa ya ga layi-layi to ta manne ce. Daga nan ya haska cikin ramin da fitilar waya, ya gwada zanen baya na ciki da na waje, ya kuma duba ko akwai fumfuna ko haƙarƙarin da ya ɓalle. Ya gwada zura ƙaramar takarda ƙarƙashin jaki ta baya, idan ta shige to jakin ya fara ɗagowa. Ya dubi wuya daga kai zuwa jiki don ya ga ko ya murɗe, ya kuma tabbatar sandar ƙarfen da ke cikinsa, wadda ake juyawa don miƙar da shi, tana aiki. Wajen gwada amo, ya nemi a ba shi jitoci biyu masu girma ɗaya da tsirkiya mai sabunta ɗaya, ya kaɗa abu guda a kan kowace, sannan ya ba abokin tafiyarsa ya kaɗa, shi kuma ya juya baya ya saurara daga taku biyar, a can cikin shago inda hayaniyar janareto ba ta kai ba.

Bayan saye, jita ta zauna cikin akwatinta, nesa da bangon waje da daɓen siminti, tare da ƙunsoshin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin sabon takalmi, a kuma goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa. Mai tafiya Arewa da hunturu ya sassauta tsirkiyoyi kaɗan, ya cire ƙunsoshin, ya sa ɗan jiƙaƙƙen soso da aka matse sosai cikin robar sabulu mai huji a akwatin, kuma kada ya buɗe shi sai ya yi sa'o'i a ɗaki.

Mapul katako ne nagari ga mai kiɗan ƙungiya da na lasifika, amma farin jikinsa bai isa hujjar ƙarin kuɗi ba. Ga mazaunin Legas mai yawan zuwa gida Arewa, jita mai tsantsar fuskar sifurus da bayan manne, wadda aka daidaita wuyanta da tazarar tsirkiyarta, ta fi tsantsar mapul mai tsada da ba a tanadar mata akwati ba, kuma ragowar kuɗin gara a kashe shi a kan akwati mai kyau da tsirkiyoyin canji.